Tsaya da Ɗaga

Yayana bakanike ne, giyabos na manyan motoci yake yi. Shekara talatin da biyar ba wanda ya kira shi da sunan da mahaifinmu ya raɗa masa. Kunne ake ce masa. Direba zai shigo gareji da tifa tana kuka, ya fara dogon bayani, sai Yaya ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ya zaro doguwar sukundirebarsa mai baƙin mariƙi, ya dafa bakinta a jikin giyabos, ya manna mariƙin a kunnen dama, ya rufe ido. Minti ɗaya, biyu. Sai ya ce, "Boris na baya ne," wato zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, ko ya ce, "Haƙorin giya uku ya ɓare." A kwance a buɗe, a tarar da abin yadda ya faɗa. Sau biyu na ga ya yi kuskure, kuma duka biyun shi ya faɗa da bakinsa kafin wani ya faɗa masa.

Ni ne autan gidanmu, shekara goma ya ba ni. Mahaifinmu direban tifa ne, ya rasu ya bar mu shida da mahaifiyarmu, Yaya ya ɗauki gidan. Bai taɓa zaunar da ni ya yi min nasiha ba. In takalmina ya mutu, sai in tashi in ga wani a bakin ƙofa. Ranar da na ce karatu ya ƙi shiga, sifana kawai ya miƙo min. Haka muka zo har na yi furfura a gefensa, yana ce min Auta ina ce masa Yaya, direbobi suna dariya wai ga auta mai jika.

Garejinmu fili ne da rumfar kwano. Ƙasar ta sha baƙin mai har ruwan sama ba ya shigarta. A gefe ɗaya akwai kwantenar da muke kulle kayan aiki, a ɗaya gefen Mai Walda, maƙwabcinmu na shekara ashirin. Ba mu da ramin shiga ƙarƙashin mota, ba mu da injin ɗaga mota. Abin da muke da shi ƙarfe ne mai kauri da muke gittawa a kan ƙafafu biyu sama da shasi, da sarƙar ɗaga kaya irin wadda ake ja da hannu tana ƙaras-ƙaras.

Giyabos na tifa ya fi maza biyar nauyi. Ba a ɗaukarsa, lallaɓa shi ake yi, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana sama a kan shasi riƙe da sarƙa, ba ya ganin komai sai bayan ƙarfe. Ɗaya yana ƙasa a kwance, yana saita sandar giyabos mai haƙora ta shiga ramin kuloci. Dokar Yaya ɗaya ce: na ƙasa ke magana, na sama ji kawai yake yi. Maganar ma kalma uku ce, ɗaga, sako, tsaya. Babu "ɗan ƙara kaɗan", babu hira. Ya taɓa korar mai mota daga garejin don ya amsa waya giyabos yana rataye. A da mukan yi canji. In ya gaji da kwanciya sai ya hau sama ni in sauka.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, na lura mariƙin sukundirebar ya sauka daga kunne ya koma ƙashin muƙamuƙi. Ban kawo komai ba. Wata rana na zagayo bayan wata tifa na same shi ya cije mariƙin da haƙora, ido a rufe. Da ya ajiye na ɗauka na duba, shaidar haƙora ce reras a jikin robar. Daga nan na fara ganin sauran. In kana magana bakinka yake kallo. In aka yi abin dariya shi ne na ƙarshen darawa. Waya ta yi ta kuka a aljihunsa har ta gaji.

Matar Yaya ta tare ni a tsakar gidansu wata ranar hutu, tana shanya.

"Auta, yayanka ba ya ji."

"Yana ji mana. Abin da ya ga dama yake ji, ai kin san halinsa."

"Kar ka mai da ni yarinya. Shekaranjiya ruwan zafi ya zubo min a ƙafa, na yi ihun da maƙwabta suka shigo. Yana nan zaune inda kake tsaye, bai ko waiwayo ba."

"To ki gaya masa."

"Ni? In dubi mutumin da duk gari ke ce wa Kunne in ce masa me? Kai da kuke wuni tare, bakinka ciwo yake yi?"

"Matar Yaya, ke ce ta ɗaki."

"Kai kuma ɗan'uwansa. Kai ko ya kore ka, gobe ka dawo."

Ta ci gaba da shanyarta, ni ma na tafi. Ba wanda ya gaya masa.

Abin da na yi maimakon haka shi ne aiki, don shi na iya. In direba ya zo da bayani, sai in tsaya inda Yaya ke ganin bakina in maimaita maganar kamar ina yi wa direban shaƙiyanci. Na karɓe amsa waya, na ce idona ya fi ganin lamba. In ya ciji sukundireba ya ce boris ne, ni ma in saurara a ɓoye, kuma kusan kullum ya yi daidai. Babban abin da na yi shi ne na daina barinsa ya hau sama. Na ce bayana ya daina jure kwanciya a ƙasa. Ya yi min dariya, ya ce auta ya riga yaya tsufa. Tunda na ƙasa magana kawai yake yi, Yaya bai da buƙatar jin kowa. Shekara biyu muka yi haka, giyabos kusan arba'in, ba wanda ya gane. Ni a ganina kyautatawa nake yi.

Tifar da ta raba mu mai taya goma ce, tana ɗaukar tsakuwa daga wurin fasa dutse. Direbanta Rediyo ake ce masa, don in ya buɗe baki sai dai ka tashi ka ba shi wuri. Giya ta zame masa a gangare da kaya, ya banka ta da ƙarfi, kaskon giyabos ya tsage. Janyo ta aka yi. Mai motar ya samo wani giyabos daga tifar da aka kwance, aka sauke mana shi a kan tsofaffin tayoyi.

"Kunne, ka taimake ni," in ji Rediyo. "Kwana uku ina gida, matata ta ce ko in koma aiki ko ta sa min auduga a baki."

Na juya na ce, "Wai matarsa ta gaji da shi, Yaya."

"Kwana uku? Ta yi haƙuri," in ji Yaya.

Ranar farko ta tafi lafiya. Muka ɗage bodin da ake zuba kaya muka tokare shi da ƙarfe biyu, don Yaya bai yarda da haidurolik a kan wuyan mutum ba. Muka kifa kan motar gaba, muka tsiyaye man giya a rabin durom. Man ya fito da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Muka cire farfela mai juya tayoyin baya, da famfon da ke ɗaga bodi, da tiyoyin iska, da sandar giya. Notuna goma sha biyu ke riƙe giyabos da inji, Yaya ya jera su a kwali yadda suka fito. Muka ɗaure tsohon da sarƙa, ya ja baya, muka sauke shi kafin rana ta yi sanyi. Tunda an riga an buɗe, muka sa sabon faifan kuloci.

Washegari da safe muka ɗaga sabon giyabos, Yaya a ƙasa ni a sama. Sandar ta ƙi shiga. Ta kai bakin ramin, ta tsaya, saura kamar faɗin yatsu uku. Ɗaga. Sako. Tsaya. Ya jijjiga, ya juya ta baya, ya tura da gwiwa. Muka ja baya muka sake. Rana ta take, kwanon rumfa ya fara gasa mu. Wasu direbobi biyu suka zo da nasu matsalolin, suka zauna a benci da Rediyo da Mai Walda suna kallo. Wajen ƙarfe biyu Yaya ya fito daga ƙarƙashin motar yana riƙe da kafaɗar dama. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun, ya ƙi wuce ƙirji.

"Sauko, Auta. Shiga ka gwada, ni in riƙe sarƙa da hagu."

"Yaya, mu huta tukuna. In kafaɗar ta saki sai ka koma."

"Ƙarfe yana rataye ka ce mu huta? Sauko."

"Bayana..."

"Bayanka jiya ya ɗauki farfela shi kaɗai. Na gan ka."

Na sauko. Na ce, "To Mai Walda ya riƙe sarƙar, kai ka zauna."

Ya dube ni. "Mai Walda? Ina tsaye da ƙafafuna?"

Mai Walda ya ce, "Ni ba ruwana, kar ku sa ni a faɗan gida."

Rediyo ya ce, "Ku ƙyale Auta, tsoron ƙasa yake yi. Ya saba zama a sama kamar manaja. Auta, shiga mana, ƙasa ba ta cizo!"

Suka yi dariya. Yaya ya ga suna dariya shi ma ya yi.

Abin da ya rage min kalma huɗu ce: Yaya, ba ka ji. In faɗe ta a gaban direbobi uku, ɗaya daga cikinsu Rediyo, wanda kafin rana ta faɗi zai kai ta duk inda tifa ke tsayawa. Ina iya jansa bayan kwantena in faɗa masa mu biyu. Na yi tunanin hakan, ba zan ce ban yi ba. Sai na dubi mutumin da ya ajiye min takalmi a bakin ƙofa, na ce a raina zan ɗaga murya kawai. Na ja kwali na kwanta.

Da farko abin ya yi. Na ce "Sako!" da ƙarfi, sarƙa ta sako. Na ce "Ɗaga!" ta ɗaga. Hankalina ya fara kwanciya. Yana cikin ɗagawa a hankali na hango tiyon iska ya zamo ya shiga tsakanin bayan giyabos da ƙarfen da ya gitta shasi. In aka ƙara ja zai tsinke. Na ce, "Tsaya!" Sarƙa ta yi shiru. Ashe hannu yake canzawa. Na zura hannun dama in janye tiyon.

Ƙaras-ƙaras.

"Tsaya!"

Ƙaras-ƙaras-ƙaras. Sauri ma ya ƙara.

Sau huɗu na faɗa. Na huɗun ba kalma ba ce kuma. Na ji ƙarar yatsuna kafin in ji zafinsu. Rediyo ne ya haye shasi ya rungume Yaya ta baya, Mai Walda ya karɓe sarƙar ya sako. Da suka jawo ni waje, Yaya yana tsaye a sama yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Me ya faru? Ai ɗaga ya ce. Me ya faru?" Sai ya ga hannun.

Shi ya ɗauke ni zuwa motar Mai Walda, da kafaɗar da ta ƙi ɗaguwa. Ni ba ƙaramin mutum ba ne.

A asibiti suka cire yatsu biyu, manuni da na tsakiya. Na kusa da su ya tsira amma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Daga baya wata likitar kunne ta yi wa matar Yaya bayani, ita kuma ta kawo min. Ta ce irin wannan kurumtar ta masu aiki cikin ƙarar inji farkon kalma take fara cinyewa, ta bar wa mutum amon kawai. Na toshe kunnuwana na gwada da bakina. Sako daban take fita. Amma tsaya da ɗaga, a-a ce da a-a, har hawa da saukar murya iri ɗaya. Shekara talatin ina faɗin kalmomin nan ban taɓa lura ba.

Kwana uku Yaya yana zuwa asibitin da safe ya zauna a bencin baranda har yamma, bai shigo ɗakin ba. Matata ta ce ya karɓi kayan aikina masu jini ya wanke da kansa, ya hana kowa taɓawa. Rana ta huɗu ya shigo. Ɗakin gado takwas ne, kowa da masu jinyarsa. Ya jawo kujera ya zauna dab da fuskata.

"Me ka ce?"

"Yaya, ya wuce."

"Me ka ce a ƙarƙashin motar?"

"Tsaya na ce."

"Sau nawa?"

"Huɗu."

Ya jinjina kai. 

"Tun yaushe ka sani?"

Na ɗaga yatsu biyu na hannun hagu.

"Wata?"

"Shekara."

"Bayan naka fa?"

"Lafiyarsa lau."

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ya yi da na ji daɗi. A hankali ya yi maganar, sai dai shi bai san ƙarfin muryarsa ba, duk ɗakin suka ji.

"Shekara biyu ka kwantar da ni a ƙasa ina ba da umarni, ina ganin ni ne oga. Ashe reno kake yi."

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Da ka faɗa min da na mare ka. Da na yi wata ban yi maka magana ba. Da yanzu yatsunka biyar."

"Kai ma ka sani, Yaya. Ka san ba ka ji, ka hau."

Wannan ita ce magana mafi muni da na taɓa faɗa masa, kuma gaskiya ce. Bakina yake kallo, don haka ya ji ta tsaf.

"Na sani," ya ce. Ya tashi, ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya fita.

Mai motar ya so a janye tifar a kai wani gareji. Yaya ya ce ba mai taɓa ta. Washegarin ranar da muka yi wannan maganar ya kwanta a ƙasa, Mai Walda a sama, suka ja giyabos baya suka duba. Sabon faifan kulocin ne ya ɗan goce daga tsakiya lokacin ɗaurewa. Gyaran minti goma. Ya sassauta, ya saita, ya ɗaure, sandar ta shige ba gardama. Mai Walda ya ce min da ta shige, Yaya ya daɗe a kwance a ƙarƙashin motar bai fito ba, shi kuma bai leƙa ba. Ya mayar da farfela da famfo da tiyoyi, ya zuba mai, ya sauke bodi. Amma ya ƙi tayar da inji, ya sa makullin a aljihu ya ce sai na fito. Kwana shida Rediyo yana zuwa ya zauna a benci. Mai Walda ya ce bai ji muryar Rediyo ba ko sau ɗaya.

Ranar da aka sallame ni, gareji na fara zuwa, hannu rataye a wuya. Yaya ya miƙa wa Rediyo makulli, inji ya tashi. Ya zaro sukundirebar, ya dafa bakinta a giyabos da kansa, sannan ya juyo min da mariƙin.

"Saurara."

Na manna a kunne. Ina jin shaidar haƙoransa tana gurzar fatata. Rediyo ya taka kuloci ya saki, ya sa giya ya cire. Ƙarfe yana juyawa cikin mai, sumul, ba kuka ba gurnani.

"Lafiya lau," na ce.

Ya kalli bakina, ya gyaɗa kai. Na miƙa masa sukundirebar, ya sa hannuwansa a baya.

"Yaya, ba abin da ya canza. Yanzu kowa ya sani, shi ke nan. Kai a ƙasa, ni a sama, kamar da."

"Da wane hannun za ka ja sarƙa?"

Sarƙa hannu biyu take so, ɗaya na ja ɗaya na tarba. Shi ba zai iya sama ba don kunne, ni ba zan iya ba don hannu. Mu biyu duka mun zama na ƙasa, kuma ƙarƙashin giyabos wurin mutum ɗaya ne.

"Sai mu ɗauki wani ya riƙa hawa," na ce.

Ya riga ya juya yana wanke hannu da fetur a gwangwani. Ya goge da tsumma, ya ninke tsumman ya ajiye a kan durom. Ya zaro makullin kwantena ya ɗora a kai. Da tifar ta fita daga garejin shi ma ya fita, a ƙafa, ta ɗaya ɓangaren.

Matarsa da 'yarsa ta fari suka kai shi aka ba shi abin sawa a kunne. Ya sa na mako ɗaya, ya ce komai ya koma masa kamar ana kaɗa gwangwani, ya jefa a aljihun tebur. Wata biyu yana zaune a gida. Daga nan ya je wurin fasa dutse ya nemi aiki, suka ba shi sa wa injin niƙa dutse giris da canza masa bel. A can kowa kurma ne, ƙara ba ta barin kowa ya ji kowa, da hannu ake magana. Matar Yaya ta ce shi ya sa ya zaɓe shi. Masu lodi har yanzu Kunne suke ce masa, wasu ba su san dalili ba, suna zaton tsokana ce.

Ni ina nan a garejin. Na ɗauki wani magidanci mai ƙarfi yana hawa sama, ina kwanciya a ƙasa. Noti mai tauri sai ya sauko ya kwance min. Na canza kalma ɗaya, yanzu "ja" muke cewa maimakon ɗaga. Wani direba ya taɓa ce min ƙaramin Kunne, na ce in ya sake ya nemi wani gareji.

Duk ranar hutu ina zuwa gidan Yaya. Ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma shirya ba, don ba wanda ya san wa zai ba wa haƙuri. Kullum ta hagu da ni yake zama. In aka kawo lemon kwalba sai ya buɗe nawa ya turo min, yana kallon wani wuri. Na lura an canza mariƙin ƙofar gidana daga mai murɗawa zuwa mai dannawa, na tambayi matata, ta ce Yaya ne ya zo da rana ina wurin aiki. Hannun nan kuwa, tun ranar da abin ya faru bai ƙara kallonsa ba.

Watan jiya Rediyo ya shigo da tifar. Maganarsa ta dawo, amma ba kamar da ba.

"Auta, saƙo na kawo. Yayanka ya ce boris na baya ya fara."

"Ina ya ji?"

"Kullum in na shiga layin lodi sai ya bar injinsa ya zo. Ba ya gaishe ni ma. Ya durƙusa ya dafa tafin hannu a giyabos, ya ɗan jima, ya koma. Shekara guda kenan yana yi. Jiya ya buga min ƙofar mota, ya yi min haka da yatsa," ya juya yatsa a iska, "ya ce in gaya wa Auta."

Na ɗauko sukundirebar na saurara. Na saurara a firi ba a sa giya ba, na saurara an taka kuloci, na sa ya zagaya fili ina bi. Ban ji komai ba.

"Ni dai lafiya nake jin motar," in ji Rediyo.

"Shigar da ita rumfa," na ce.

Rabin wuni muka yi kafin mu kai ga boris ɗin. Na wanke shi da fetur na ɗaga a rana. A cikin zoben akwai tabo ɗaya, bai kai ƙwayar yashi biyu ba. Da an bar shi wata uku da ya ci giyabos ɗin.

Na naɗe shi a tsumma. Ranar hutu na same shi a tsakar gida a kan tabarma, matarsa tana can tana wanki. Na zauna, na buɗe tsumman a gabansa. Ya ɗauka, ya zura babban yatsa yana juya zoben a hankali. Da ya kai kan tabon ya tsaya. Na ga gefen bakinsa ya motsa kaɗan.

Na matso gabansa sosai, inda ba zai rasa bakina ba. Na faɗa a hankali, kalma-kalma, yadda na saba.

"Yaya, ka dawo."

Matar Yaya ta daina wankin. Shi kuwa bai ɗago ba. Ya san na matso, ya san magana nake yi, don numfashina yana taɓa goshinsa. Ya ci gaba da juya boris ɗin da babban yatsa, idonsa a kai. Na sake faɗa, da ƙarfi wannan karon. Ya naɗe shi a tsumman, ya tura ƙarƙashin tabarma ta gefensa, ya jawo kwalbar lemona ya buɗe min.